Hannun Ambrose Tully

"Wa ya sa masa safar hannu?" in ji Hester, tana tsaye a gefen akwatin gawar, ko hularta ba ta cire ba.

Loretta, 'yar mamacin, wadda ta iso daga Chicago jiya, ta rage murya. "Ni na ce a sa, Misis Vogel. Mutane za su shigo. Kin dai san yadda yatsun Baba suke."

Hester kuwa ta sani. Shekara shida ke nan, tun rasuwar matarsa, kullum da safe sai ta tsallaka titi ta ɓalla wa mamacin, maƙwabcinta Ambrose Tully, maɓallan riga, don yatsunsa ba sa iyawa. Shekara goma sha huɗu ya yi yana cafe ƙwallon besbol da hannu tsirara, kafin ya zama mai horar da ƙungiyar garin, daga baya ya saye ta. Babu yatsan da bai karye ba, kowanne ya kama gabansa kamar ɗanyar citta. Da su yake taƙama. Baƙo bai isa ya tashi ba sai ya ji tarihinsu: wannan a garin Toledo ya karye, wannan a Akron.

Ranar Talata, yana numfashi da ƙyar, ya ce mata, "Hester, 'yan wasan yanzu ragwaye ne, sai da katifa a hannu. Kada ki bari a rufe min nawa. In na je can, da me abokan wasana za su gane ni? Da wannan fuskar?"

"Fuskar ma ai ba ta fi su kyau ba, tsoho."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ta yi masa alkawari.

Da Loretta ta shiga kicin ɗora kofi, Hester ta sunkuya ta ja safar dama. Ta zaci sai ta sha fama, sai ga ta ta zame salin-alin.

Yatsu biyar a miƙe reras, kamar na akawu. Ashe da mai shirya gawa ya ga safar ta ƙi shiga, miƙar da su ya yi da ƙarfi.

Ranar da ya cika ba ta yi kuka ba. Yanzu kukan ya ƙwace mata, na baƙin ciki da na kunya. Ta makara.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, masu ta'aziyya sun fara isowa. Hester ta mayar da safar a hankali, ta kwantar da hannun bisa ƙirjinsa. Har mutane suka cika falon tana nan tsaye, tana shafa farin yadin safar da babban yatsanta, tana laluben ƙullin yatsun da babu shi yanzu.