Ranar da Sarkin Ruwan Wuro Bobboyi Ya Nutse

Wuro Bobboyi ɗan gari ne a bakin Binuwai, ƙasa da gadar Jimeta, kuma mutanensa ba dai cika baki ba. Ka zauna da su ka ji: wai a da jiragen kamfani a gabansu suke tsayawa su ɗauki gyaɗa da auduga, har Turawa na roƙonsu kifi. Yanzu dai tifofin yashi ne ke tsayawa, amma bakin bai ragu ba.

Abin alfaharin da ya rage musu shi ne bikin su na shekara, wato kamun kifi, ranar da gari duka ke faɗawa kogi da koma. Dokarsa ɗaya ce: ba mai taɓa ruwa ko da ɗan yatsa, sai Sarkin Ruwa ya shiga shi kaɗai da ƙwarya, ya gaisa da mutanen ruwa, ya ɗaga ƙwaryar sama. Liman kan juya baya ya kama duba waya har a gama.

To, Sabuwa mai bandar kifi ita ce matar Sarkin Ruwa, Ɗanburam, kuma ita kaɗai ta san bawan Allahn nan bai iya iyo ba. Tun yana ƙarami aka kai shi makarantar kwana, daga can sai sakatariya, ruwan da ya sani na bokiti ne. Sarautar ta faɗo masa a shekarun tashin bama-bamai, lokacin da aka hana taro, don haka ya daɗe yana naɗa rawani ƙafarsa a bushe. Da lafiya ta samu aka ce a dawo da bikin.

Sabuwa 'yar masunta ce, a ruwa ta girma. Ta ce ya zo ta koya masa, ya ce ba a ganin Sarkin Ruwa yana facal-facal kamar agwagwa, kuma ai da rani ruwan wurin iya ƙugu yake, ya gani da idonsa zamanin babansa. Ta ce tun da 'yan gudun hijira suka cika Jimeta aka kama gine-gine, masu yashi sun rarake gindin kogin. Ya ce mata dai ba su rasa abin faɗa.

Ranar ta zo. Ga makaɗa, ga masunta a jere da koma, ga 'yan birni da wayoyi. Ɗanburam ya taka da ƙasaita, ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya waiwayo ya yi wa Sabuwa murmushin na-gaya-miki. Ya ƙara taku, sai zuruf! Ba shi, ba rawani, sai ƙwarya tana yawo.

Jama'a suka ɓarke da guɗa. Wani tsoho ya rantse ko kakan Ɗanburam bai taɓa sauka gidan mutanen ruwa da kansa ba. Kumfa na tasowa, suka ce hira ta yi daɗi. Makaɗa suka ƙara wuta. Masu iyo sun fi ɗari a gaɓa, amma ba a ɗaga ƙwarya ba, wa zai shiga?

Sabuwa ta ji tsoron da ba ta taɓa ji ba. Ta tsine wa ƙwarya da mutanen ruwa gaba ɗaya, ta ɗaure zani ta faɗa. A ramin yashi ta laluɓo shi, ta jawo shi ta mazagin wando.

Yana kan yashi yana aman ruwa dattawa suka kewaye su. Suka ce mace ta riga ƙwarya, hukuncinta a bakin Sarkin Ruwa yake, kuma hukuncin sananne ne: ba ita ba kogi har abada. Sabuwa ta hau matse zaninta. Kalma ɗaya za ta wanke ta, amma ita ce za ta tuɓe masa rawani a gaban gari.

Ɗanburam ya dube ta, idonsa jajir, ya yi tari.

"Mutanen ruwa ne suka riƙe ni," ya ce. "Sun ce daga yau kada Sarkin Ruwa ya ƙara zuwa musu ba matarsa."

Dattawa suka gyaɗa kai, wani ma ya ce ya tuna kakarsa ta taɓa faɗin haka. Yanzu in ɗaliban jami'a sun zo tambaya, ana gaya musu al'adar tun kafuwar gari take.

Kowace shekara su biyu suke shiga, shi da ƙwarya a gaba, ita a baya, hannunta a ƙarƙashin ruwa riƙe da mazaginsa. Har yau bai koyi iyo ba, ita ma ta daina cewa ya koya.