Kwikwiyo a Kwalin Ƙwai

Shekara talatin da huɗu Mai Ƙwai ya yi yana jan motar gidan kaji, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi minti biyar sai ya ji cewa ko kiret ɗaya na ƙwai bai taɓa fashe masa ba. Gaskiya ce kuwa, ko masu jin haushinsa sun shaida. Amma tun ranar da ya goga fitilar tsohuwar motarsa a ƙofar gida, babbar 'yarsa, wadda take aikin nas a asibiti, ta sa masa ido.

"Baba, ka tsufa da sitiyari. Ka ba ni makullin nan mu huta."

Ana cikin wannan ja-in-ja sai karen gadin gidan ya mutu. Ƙanin Mai Ƙwai, wanda gonarsa take tafiyar awa bakwai, ya bugo waya ya ce karyarsa ta haihu, 'ya'yan sun yi wata biyu, a zo a ɗauki ɗaya. Nas ta ce a aika direban haya. Tsoho ya ce sai dai bayan ransa.

"To shi ke nan," in ji ta. "Ka dawo lafiya, mota lafiya, kwikwiyo lafiya, na bar maganar. In ɗaya ya samu matsala, ka miƙo makulli."

Matarsa ta bi shi wai za ta gaida dangi. Kowa ya san 'yar ce ta ɗora ta a kan leƙen asiri.

Sun kwana a gonar. Da sassafe Mai Ƙwai ya naɗe hannun riga ya shirya kaya irin na gwanaye. Ya samo kwali mai kauri, ya zuba garin katako, ya huda ramuka huɗu, ya sa ɗan kwikwiyon ja mai farin hanci, ya rufe, ya ɗaure da igiya. Sai ya cusa kwalin a ƙasa, gaban kujerar matarsa, inda girgiza ba ta kaiwa.

"Yaya, ba zai ji zafin inji ba a nan?" in ji ƙanin.

"Kai noma ka sani. Lodi nawa ne."

Awa guda kwikwiyo yana kuka yana kartar kwali. Mai Ƙwai yana kauce wa ramuka kamar mai zare allura, yana murmushi. Da rana ta ɗaga sai kukan ya ɗauke.

"Kin ji ko? Shiru. Haka kaya ke yi a hannun wanda ya iya."

"Malam, ƙwai ne ke yin shiru a ce lafiya. Ni tafin ƙafata ma ya gasu. Tsaya."

"Ba a buɗe lodi a hanya."

"Tsaya, na ce!"

Ya gangara gindin wata bishiya. Ya kwance igiyar, ya buɗe kwalin. Kwikwiyon yana kwance a gefe, harshe a waje, yana haki, hancinsa cike da garin katako. Matar ta riƙe baki. Shi kuwa, a nan ya nuna ba a banza ya tsufa a hanya ba. Bai yi ihu ba, bai tsaya neman mai laifi ba. Ya cire hularsa ya jiƙa, ya shafa wa ɗan abin ciki da tafukan ƙafa. Ya share masa hanci da bakin riga. Ya zuba ruwa a murfin gora yana ba shi kaɗan-kaɗan. Kusan rabin awa yana tsugune duk da ciwon gwiwarsa, har kwikwiyon ya yi atishawa, ya miƙe, ya ciji yatsarsa.

"Ɗan banza! Haka ake godiya?"

Ya jefar da kwalin. Ya zazzage kwandon kayan matarsa, ya shimfiɗa tawul, ya ɗaure kwandon da bel a kujerar baya, ya ɗan sauke gilashi. Duk bayan awa ɗaya sai ya tsaya a inuwa, a sha ruwa, a yi fitsari, a taka ƙasa. Manyan motoci suna wuce su suna danna ham, ko a jikinsa.

Da la'asar sakaliya suka iso. Nas tana tsaye a ƙofa, hannu a ƙugu. Ta zagaya motar sau biyu. Ta ɗauki kwikwiyon ta duba ido, ta duba dasashi, ta danna ciki. Shi kuma ya lashe mata agogo.

"Umma, ba abin da ya faru a hanya?"

Mai Ƙwai ya kama goge madubin da ba shi da datti. Matar ta dube shi, ta dubi jiƙaƙƙiyar hular da ke bushewa a kan kujera.

"Me zai faru? Ubanki ne fa ke tuƙi."

Nas ta yi ajiyar zuciya. "Baba, ran Asabar motata tana wurin makaniki. Za ka kai ni aiki?"

"Zan duba ko ina da lokaci," in ji shi. Ya sa kwikwiyon a hammata ya shige gida, ƙirji a gaba, yana kaɗa makulli a yatsa.