Iyalin Mai Tabarau

Shekara tara ke nan ina shara a ɗakin binciken nan. Ranar Talata ina goge ƙarƙashin firij, sai na ji Shugaba yana ce wa wata ma'aikaciya da muke kira Mai Tabarau, "Na duba iyalin naki. Biyu sun ɓace, ɗaya kuma yana nan amma ba ya aikin komai."

Kafin a tashi na kai wa maigadi, maigadi ya kai wa direba. Direban kuwa ƙanen saurayin Mai Tabarau ne. Zuwa Alhamis saurayi ya daina kiranta.

Ta same ni a wajen wanke kwalabe. "Iya, wa ya ce miki danginmu ɓatattu ne?"

"Daga bakin Shugaba na ji, 'yata."

Ta ja ni gaban kwamfuta. Ashe iyalin da Shugaba ke nufi ƙwayoyin halitta ne na gado na goggon biri, daga jinin da aka ɗebo a gidan namun daji. Su ke ƙera wasu 'yan abubuwa masu karɓar saƙon girma a jikinsa, kuma don sun yi kama da juna ake ce musu iyali.

Ta ce, "Yadda kika ɓata, haka za ki gyara."

Na je har shagon saurayin, na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara tsaf, sannan ya ce, "Wato da biri ma suka haɗa jini?"

Sau uku na koma kafin ya kira ta. Ni kuma aka mayar da ni sharar ƙasan bene, inda babu mai magana sai janareta.