Maɓallin Ƙasa

Aikina tsara darasi ne a intanet. Kamfani ya ɗauki sababbin ma'aikata, ni kuma in yayyanka musu aikin gunduwa-gunduwa, in haɗa da bidiyo da 'yan tambayoyi, har mai taurin kai ya gane. Ina ji da kaina a kan wannan, ba na ɓoyewa. Sai ga shi mahaifina ya gagare ni.

Baba tela ne, a kan keke ya tsufa. Da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ƙafa ta dawo, yatsu suka ƙi. Mai gashin ƙashi ta ja ni gefe ta faɗa min ba kwana-kwana: in bai riƙa aiki da hannun nan da kansa ba, zai ƙandare ke nan. Ta ce a fara da maɓallin riga.

Na yi masa irin ta ofis. Na ɗora kwamfuta a kan teburin guga, na kunna masa bidiyon wani yana sa maɓalli a hankali.

"Uwata," in ji shi, "ni za a nuna wa maɓalli?"

Ya gwada sau ɗaya a gabana da Mama. Yatsa ya zame, ya sake zamewa. Ya juya fuska bango, kuma daga ranar bai ƙara ba. Kullum safe sai ya zauna bakin gado ya saki hannuwa, a sa masa. Wallahi raina ya ɓaci. Na yi faɗa har Mama ta ce in fice mata daga ɗaki, amma tsoro ne ke cina, ba fushi ba.

A wurin aiki na koma shafukan da nake karanta dabarun koyarwa, na ci karo da wata da na sha tsallakewa: a fara daga matakin ƙarshe. Malami ya yi komai, ya bar wa ɗalibi ƙarashen, don ya ɗanɗani daɗin gamawa. Abin da shafin bai faɗa ba shi ne yadda ake yi da ɗalibin da ba ya son a ga gazawarsa. Wannan ni na ƙara da kaina.

Washegari na sa masa maɓallan duka, na bar na ƙasa, na dafa aljihu kamar an kira ni.

"Kash, oga ne! Baba, ina zuwa."

Na ja ƙofa, na tsaya a baranda ina ta "to, ranka ya daɗe" a wayar da ba kowa a kai. Da na dawo, maɓallin yana nan yadda na bar shi. Na sa masa. Haka muka yi ta yi, har wata safiya na tarar ya shiga raminsa, goshin Baba sharkaf da gumi. Duk shafukan sun ce a yaba nan take. Ni na san ubana, na haɗiye.

Daga ɗaya na koma barin biyu, sannan uku. Mama kuwa ta ɗora wa ogana karan tsana.

"Wai shi wannan mutumin ba shi da iyali ne? Kullum da sassafe!"

Rannan na makara, na shigo a gurguje, na manta wayar a caji. Na kama maɓallin wuya ke nan sai na ji an riƙe min tsintsiyar hannu. Hannun dama ne. Ba ƙarfi, amma ya riƙe.

"Uwata, ogan bai kira ba yau?"

"Wayar na ɗaki, Baba."

"Je ki amsa haka nan." Bai dube ni ba. "Ki gaishe shi. Kuma ki daɗe, yau duka zan yi."

Na fita baranda hannu wofi, na ja ƙofa. Na ɗora tafin hannu a kunne na ce, "To, ranka ya daɗe." Na zauna a ƙasa na yi kukana a hankali, don kada ya ji ya tsaya.