Bencin Ƙarfen Garzali

Tun zamanin mahaifinsa, a ƙofar gidan Garzali ake majalisa bayan La'asar. Dakali ne na laka, ya sha zama har ya yi sulɓi. Nan manoman rani ke baje hira in sun taso daga gona: yaushe za a sako ruwan kanal, wa aka hana taki.

Sai tumatir ya yi wa maƙwabcinsa Mukhtari kyau. Ya sayo bencin katako mai majingina daga Kura, ya ajiye a gindin darbejiyarsa. Mutumin da ya yini a sunkuye yana dashe kuwa, bayansa yake ji, ba tarihi ba. Ɗaya bayan ɗaya suka zare jiki suka koma can.

Abin ya ci Garzali ƙwarai. Yana zaure yana jiyo dariyarsu, har tuwo ya daina yi masa daɗi.

"Malam, ka je ka zauna da su mana," in ji matarsa Kubra.

"Ni? A bencin yaron da na koya wa riƙon fartanya?"

Washegari ya hau keke sai Kura. Kafinta ya nuna masa wani benci.

"Irin na Mukhtari ne?"

"Shi sak."

"To ba na so."

Ya tsallaka wajen mai walda. Nan ya ga na ƙarfe, kore shar, irin na gidajen ma'aikatan ruwa a Kadawa.

"Alhaji, akwai inuwa a ƙofar gidan naka?" mai waldar ya tambaya.

"Kai dai sa a ɗora min a motar tumatir."

Da aka kawo, wuri ya yi kaɗan. Garzali ya ɗauko diga ya rushe dakalin da hannunsa.

Bayan La'asar mutane suka zo ganin abin kallo. Malam Iliyasu, babbansu, abokin mahaifin Garzali, ya yi bismillah ya zauna. Ƙarfen nan ya yini yana shan ranar bazara. Tsohon ya miƙe zumbur yana karkaɗe riga. Ba wanda ya yi dariya. Ya duba hagu, ya duba dama.

"Garzali, ina dakalin babanka?"

Garzali ya nuna masa ɓuraguzan laka a gefe.

"Da ma so nake in ce da su mu dawo gida haka nan," in ji tsohon. Ya daɗe yana kallon tarin ɓuraguzan lakar, sannan ya ja sandarsa ya nufi darbejiya, sauran na biye da shi.