Turanci a Cikin Bokiti

Wani dare, mun gama cin abinci ke nan, na ji wata murya daga bayan katanga, kamar mutum na magana daga ƙasan rijiya. Matata ta ce famfo ne. Ni kuwa na san kukan famfo. Na fita na leƙa, sai ga direban da ke haya a ɗakin kusa da namu, a durƙushe, kansa cikin bokitin ƙarfe.

"Lafiya, ɗan nan?"

Ya ɗago yana zufa. "Turanci nake koyo, Baba. A ciki na fi jin inda bakina ke karkacewa."

Na ce ya matsa mini.

Ina da dalili. Ɗana yana aiki a nesa, can aka haifi 'yarsa, shekararta bakwai, ba ta jin Hausa. Duk Lahadi sai ya kira ta wayar da ake ganin fuska. Ta ɗaga mini hannu, ta miƙa wa ubanta waya, ta ruga. Ni kuwa aji huɗu na yi, Turancina bai wuce abin da ke rubuce a bayan agogunan da nake gyarawa ba. Ina tsoron in mutu tana ɗaukata wani tsoho mai murmushi kawai.

Mako uku muna karɓa-karɓa da bokiti. Na haddace gaisuwa har kala tara. Abin da ya fi burge ni shi ne maganganunsu na ban mamaki. Wai idan ruwa ya tsuge sai su ce kyanwoyi da karnuka ke zubowa. Na kwana biyu ina hango su a kan kwanon ɗakinmu.

"Malam, a wannan shekarun?" in ji matata. "Ka dai dawo mini da kanka, bokitin na mutane ne."

Ranar Lahadi na jero wa yarinyar gaisuwata tara. Ta saurara cikin ladabi, ta ruga.

"Baba, yaro ba ruwansa da gaisuwa," in ji direba. "Me kake da shi wanda ba ta taɓa gani ba?"

Ya bi ni shago, ya ɗaura wa kowane abu 'yar takarda da sunansa na Turanci, yadda nake ɗaura wa agogon masu kawo gyara. Ƙofa, tsuntsu, mabuɗi, buɗe, jira. Wuni guda ya kashe mini, ko shayi bai yarda ya sha ba.

Lahadi ta gaba na ɗauko wani tsohon agogon bango daga shago, na ajiye a tsakar gida. Da fuskarta ta bayyana na ce mata da Turanci, "Jira." Na murɗa hannun agogo zuwa sha biyu. Ƙaramar ƙofa ta buɗe, tsuntsun katako ya leƙo ya yi kuka.

Ta ƙwalla ihu. Ta faɗi wata kalma, direba ya raɗa mini daga gefe, "Wai ka sake."

Na sake har sau shida. Na ce tsuntsu da Turanci, ta gyara mini, na maimaita, ta yi dariya har waya ta faɗi. Ubanta ya miƙo hannu, ta hana shi. Na waiga in yi wa direba godiya, ya yi mini alama in mai da hankalina gabana.

Maƙwabciyarmu mai ɗinki ta leƙo ta kan katanga.

"Wai da wa Baba yake ta wannan hira tun ɗazu, har abincinsa ya huce?"