Naman Kawu Saddique

Jinin bijimin bai gama gangarawa cikin kwatar unguwar Maamobi ba aka danƙa wa Amama waya ta ɗauki bidiyo. Hannun yayanta Abdul-Fatawu duk jini ne, ga shi Kawu Saddique, wanda ya aiko da kuɗin bijimin daga Jamus, ya ce sai ya ga duk wanda ya karɓi namansa.

"Riƙe da kyau," in ji Abdul-Fatawu. "Fuska Kawu yake so, ba ƙafa ba."

Da farko daɗi ta ji. Yarinya 'yar shekara goma da babbar waya a hannu, ai sai taƙama. Tun da aka ɗaure bijimin nan ita da ƙawarta Shifa suke kai masa ɓawon rogo. Ɗazu ma da aka kayar da shi, hannun Shifa ta matse ta runtse ido.

Mata suka jeru a ƙofar gida. Kowace ta karɓi baƙar leda sai ta dubi waya ta yi wa Alhaji Saddique addu'a. Can sai ga Mma Fusena, mahaifiyar Shifa, mai sayar da koko a bakin titi tun rasuwar mijinta. Ita ce ke ƙara wa Amama ƙosai ba tare da ta roƙa ba. Shifa na raɓe a bayanta.

Mma Fusena ta karɓa, ta yi godiya ƙasa-ƙasa, mayafi ya rufe rabin fuskarta.

"A'a Mma, bai shiga ba." Abdul-Fatawu ya zare ledar daga hannunta. "Mu sake. Buɗe fuska, ɗaga murya. Ki ce mijinki ya rasu, Kawu na son jin wannan."

Matar ta tsaya hannu biyu a buɗe, babu komai a ciki. Kunya ta lulluɓe Amama, ta ji da ma kwatar ta tsage ta shige. Ta fara sauke wayar, yayanta ya harare ta, ta mayar. Haka ta riƙe har Mma Fusena ta yaye mayafi ta faɗi abin da aka ce ta faɗa. Kowa wayar yake kallo, ban da Shifa, wadda ta kafe Amama da ido.

*

Kafin la'asar Kawu ya watsa bidiyon ko'ina. A gida sai yabon Amama ake, wai hannunta ko rawa bai yi ba. Ta kasa haɗiye ko loma. Ta ƙulle nata rabon na soye a takarda, ta bi lungu zuwa gidan su Shifa. A shagon aski ta jiyo muryar Mma Fusena tana fitowa daga wayar wani saurayi: "Ni Fusena, mijina ya rasu…" Ta ƙara sauri.

Shifa ta ɗaga labule. Ta dubi hannun Amama na dama, ta dubi na hagu.

"Ina wayar?"

"Ba waya, Shifa. Nawa ne na kawo miki, mu ci tare."

Shifa ta ja hijabinta baya, fuskarta ta fito sosai. Ta miƙe tsaye ƙyam, ta ɗaga murya yadda duk gidan haya zai ji.

"Mun gode. Babana ya rasu. Allah ya saka wa Alhaji da alheri."

Ta saki labulen.

Amama na nan tsaye a bakin ƙofa, mai ya huda takardar yana bin yatsunta.